Lanƙwasa Kusurwoyin Siffofi a Manhajojin Zanen Bekta: Darasi ga Manazarta Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dabarar lanƙwasa kusurwoyin siffofi a manhajojin zanen bekta, irin su CorelDRAW da Adobe Illustrator da Inkscape. An fara da fayyace ma'anar zanen bekta da kalmomin fannu, sannan aka waiwayi tarihin dabarar. Daga nan aka warware lissafin da manhaja take yi a ɓoye idan aka umarce ta da lanƙwasa kusurwa, aka kuma nuna matakan aikin da kurakuran da aka fi faɗawa. Maƙalar ta nuna cewa gwargwadon tsinin kusurwa, gwargwadon abin da lanƙwasa take ci daga jikinta, kuma rashin kiyaye wannan ƙa'ida yana iya sauya kamannin zanen gargajiya ko harafi a lokacin da ake mayar da shi cikin kwamfuta.

Fitilun kalmomi: zanen bekta, kusurwa, radiyos, lanƙwasar Bézier, zanen gargajiya

1.0 Gabatarwa

Aikin manazarcin Hausa a yau bai tsaya ga alƙalami da takarda ba. Mai nazarin ginin jimla yana buƙatar bishiyar li'irabi, mai nazarin karin harshe yana buƙatar taswira, mai nazarin al'ada kuwa yakan so ya fito da zanen ɗinkin riga ko adon bango a cikin kundinsa. Yawancin waɗannan zane-zane a manhajojin bekta ake yin su, ko dai manazarcin ya yi da hannunsa, ko ya miƙa wa mai zane a maɗaba'a. Idan bai san abin da manhajar take yi wa siffa ba, sai a dawo masa da zanen da ya yi kyau a ido amma ya kauce wa asali, ya sa hannu a buga, daga nan kuma masu bincike na baya su ɗauke shi a matsayin hujja.

Lanƙwasa kusurwa tana daga cikin ayyukan da ake ɗauka ƙanana, alhali tasirinta ya wuce ado. Katin cirar kuɗi na banki, alal misali, an ƙayyade girmansa a ƙa'idar ISO/IEC 7810 a kan milimita 85.60 da 53.98, kuma kusurwoyinsa an lanƙwasa su da radiyos na kimanin milimita 3.18, abin da yake rage saurin karyewarsu da yaga aljihu. A fagen ƙira ma haka abin yake. Bayan haɗurran jiragen de Havilland Comet guda biyu a shekarar 1954, gwajin da aka yi a Farnborough ta ƙasar Ingila ya nuna cewa nauyin matsi yana taruwa a kusurwoyin kafofin da aka huda a jikin jirgi, har ƙarfe ya gaji ya tsage. Ta fuskar gani kuma, binciken da Moshe Bar da Maital Neta suka wallafa a 2006 ya nuna cewa mutanen da aka gwada sun fi karkata ga abubuwa masu lanƙwasa a kan masu kaifin gefe. Manufar wannan darasi ita ce fito da yadda aikin yake gudana, da inda ya dace, da inda yake ɓarna.

2.0 Zanen Bekta da Kalmomin Fannu

Kwamfuta tana adana hoto ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce zanen ɗigo, inda hoto yake tarin ƙananan ɗigogi masu launi, kamar hoton da waya take ɗauka. Idan aka faɗaɗa irin wannan hoto sosai, sai ya dusashe, gefunansa su yi kama da matakala. Ta biyu ita ce zanen bekta, inda ba hoton ake adanawa ba, sai dai umarnin zana shi: fara daga nan, ja layi zuwa can, lanƙwasa ta wannan gefe. Saboda haka ana iya buga zanen bekta a kan katin gayyata ko a kan allon talla na bakin titi ba tare da kaifinsa ya ragu ba.

Da yake Hausa ba ta riga ta daidaita kalmomin wannan fanni ba, an zaɓi waɗannan domin wannan darasi:

i. Tafarki: layin da yake kewaye siffa, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe.
ii. Turke: ɗigon da tafarki yake ɗaure a jikinsa, inda layi ɗaya yake ƙarewa wani ya fara. Ba shi da alaƙa da turken waƙa, sai dai asalinsu guda, wato turken da ake ɗaure dabba.
iii. Linzami: ɗan layin da yake fitowa daga turke, wanda ake ja domin a juya akalar lanƙwasa.
iv. Buɗin kusurwa: girman tazarar da ke tsakanin layuka biyu da suka haɗu, wanda ake aunawa da digiri.
v. Radiyos: rabin faɗin da'ira, wato daga cibiyarta zuwa gefenta.
vi. Baka: yanki daga gefen da'ira.

Akwai kuma fi'ilai da suke kusa da juna a ma'ana, waɗanda ya kamata a bambance. "Dakusar" tana nufin kawar da kaifi, ba tare da ta faɗi siffar da aka samu ba. "Mulmula" ta fi dacewa da abu mai jiki kamar fura ko tubali. "Lanƙwasa" ita ce ta fi kusa da abin da manhaja take yi, domin layi ne ake karkatarwa a hankali har ya haɗu da ɗan'uwansa. Bisa ga haka, manhajoji suna sarrafa kusurwa ta fuska uku: lanƙwasa, inda baka yake maye gurbin tsini, datsa, inda ake yanke tsinin da miƙaƙƙen layi, da kwarmi, inda bakan yake lotsawa zuwa cikin siffa.

3.0 Waiwaye a kan Tarihi

Tushen wannan dabara yana masana'antar ƙera motoci ta ƙasar Faransa. A shekarar 1959 Paul de Casteljau, masanin lissafi a kamfanin Citroën, ya samar da hanyar fitar da lanƙwasasshen layi daga ɗigogi kaɗan, amma kamfanin ya riƙe aikin a matsayin sirri. Pierre Bézier, injiniya a kamfanin Renault, ya kai ga irin wannan sakamako a shekarun 1960, ya kuma wallafa shi, shi ya sa sunansa ne ya bi layin. Dukkan ayyukan biyu suna komawa ga wani lissafi da Sergei Bernstein ya fitar tun 1912.

Shigowar akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi cikin fuskar kwamfuta kuwa, Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Macintosh, ya ba da labarinta. A cewarsa, a 1981 Bill Atkinson ya nuna wa Steve Jobs sabuwar hanyar zana da'ira da siffar ƙwai cikin sauri, sai Jobs ya nemi a ƙara da akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi. Da Atkinson ya nuna ba shi da wani amfani, Jobs ya fita da shi waje yana nuna masa irin siffar a ko'ina, har da allon hana ajiye mota. Washegari Atkinson ya dawo da aikin a kammale.

Kamfanin Adobe, wanda John Warnock da Charles Geschke suka kafa a 1982, ya fitar da harshen PostScript a 1984, wanda ya ɗora zanen haruffa da siffofi a kan lanƙwasar Bézier. Illustrator ta biyo baya a 1987, sai CorelDRAW daga ƙasar Kanada a 1989. A 2001 ƙungiyar W3C ta amince da SVG a matsayin tsarin zanen bekta na intanet, kuma a kansa aka gina Inkscape, manhajar kyauta da ta fito a 2003.

4.0 Lissafin da Ke Ƙarƙashin Lanƙwasa

4.1 Inda Baka Yake Farawa

A ɗauka layuka biyu sun haɗu a turke guda, buɗin kusurwarsu θ ne, ana kuma son lanƙwasa ta da radiyos r. Abin da manhaja take yi shi ne ta tura da'ira mai wannan radiyos cikin kusurwar har ta shafi layukan biyu, kamar yadda ake tura ƙwallo lungun ɗaki har ya taɓa bango biyu. Daga nan sai ta share abin da ya rage tsakanin da'irar da tsinin, ta kafa sababbin turaku biyu a wuraren da da'irar ta shafi layukan. Turke ɗaya ya zama biyu ke nan, baka yana tsakaninsu.

Nisan da ke tsakanin tsohon tsini da kowane sabon turke shi ne t = r ÷ tan(θ/2). Nisan da tsinin yake ja da baya kuwa shi ne d = r ÷ sin(θ/2) − r. Ga abin da waɗannan ƙa'idoji biyu suke bayarwa:

i. Digiri 120, kamar a siffa mai gefe shida daidai: t = 0.577r, d = 0.155r.
ii. Digiri 90, kamar a murabba'i: t = r, d = 0.414r.
iii. Digiri 60, kamar a alwatika mai gefuna daidai: t = 1.732r, d = r.
iv. Digiri 36, kamar a tsinin tauraro mai kai biyar: t = 3.078r, d = 2.236r.

Abin lura a nan shi ne radiyos bai sauya ba, amma abin da ya ci ya sauya ƙwarai. Radiyos na milimita 10 zai rage milimita 1.55 kacal daga kusurwa mai digiri 120, amma zai gutsure fiye da milimita 22 daga kan tauraro. Wannan ita ce ƙa'idar da dukkan sauran darasin yake rataye a kanta.

4.2 Iyakar Radiyos

Kowane gefe na siffa yana tsakanin kusurwoyi biyu, kuma kowacce tana cin rabonta daga tsawonsa. Saboda haka jimillar t na kusurwoyin biyu ba za ta wuce tsawon gefen ba. A akwati mai tsawon milimita 100 da faɗin milimita 60, radiyos mafi girma shi ne 30, wato rabin gajeren gefe. Da zarar an kai nan, gajerun gefunan sun ɓace, kowane ƙarshe ya zama rabin da'ira, siffar ta koma kamar ƙwayar magani ta kafso. A alwatika mai gefuna daidai, kowane milimita 60, iyakar ita ce 60 ÷ (2 × 1.732), wato kimanin milimita 17.3. A wannan mataki alwatikar ta zama da'ira ɗungurungum.

Filin da ake asara a akwati ba shi da yawa. Kusurwoyi huɗu masu radiyos r suna cire (4 − π)r² daga filin siffa, wato kimanin 0.858r². A akwatin da aka ambata, radiyos 10 yana cire murabba'in milimita 85.8 daga cikin 6,000, abin da bai kai kashi 1.5 cikin ɗari ba. Ido dai yana ganin sauyin fiye da yadda lissafin fili yake nunawa.

4.3 Bakan da Ba Cikakken Baka Ba

Lanƙwasar Bézier da aka fi amfani da ita tana da ɗigogi huɗu: turaku biyu da kawunan linzamai biyu. Layin yana tashi daga turken farko ta fuskar da linzaminsa ya nuna, ya sauka a na biyu ta fuskar nasa linzamin. Lissafi ya tabbatar da cewa irin wannan layi ba ya iya zama cikakken bakan da'ira, sai dai ya kusance shi. Domin rubu'in da'ira, tsawon kowane linzami shi ne 4(√2 − 1) ÷ 3 na radiyos, wato 0.5523r. Da wannan adadi, kaucewar layin daga da'ira ta gaskiya ba ta wuce kimanin kashi 0.027 cikin ɗari na radiyos ba. Ma'ana, a da'ira mai radiyos na mita ɗaya, kuskuren bai kai sulusin milimita ba.

Ga sauran kusurwoyi, bakan yana juyawa da φ = 180 − θ, tsawon linzami kuma shi ne (4/3) × tan(φ/4) × r. Kusurwa mai digiri 60 tana buƙatar linzami na 0.770r, mai digiri 120 kuma 0.357r. Wanda ya san waɗannan alƙaluma yana iya lanƙwasa kusurwa da hannu a kowace manhaja, ko da ba ta da kafar yin hakan.

5.0 Lanƙwasa a Aikace

A tsarin SVG, akwati yana da ma'aunai biyu na kusurwa: rx na kwance da ry na tsaye. Idan aka ba da ɗaya kawai, ɗayan yana ɗaukar adadinsa, kuma idan rx ya wuce rabin tsawon akwatin, ana mayar da shi rabin. Idan aka mayar da akwati mai 100 da 60 da radiyos 10 zuwa tafarki, gefen sama da kusurwar dama za su iya fitowa kamar haka: M 10 0 H 90 C 95.52 0 100 4.48 100 10. Fassararsa ita ce: fara daga 10, ja layi a kwance zuwa 90, sannan lanƙwasa zuwa gefen dama. Adadin 95.52 ya fito ne daga 90 da aka ƙara wa 5.52, wato linzamin da aka lissafa a sama, haka ma 4.48 daga 10 da aka cire wa 5.52.

A Inkscape, bayan an zana akwati, wata 'yar da'ira takan bayyana a kusurwar sama ta dama. Idan aka ja ta ƙasa, kusurwoyin huɗu suna lanƙwashewa tare, ana kuma iya rubuta adadin Rx da Ry a sandar sama. Ga siffar da ba akwati ba, akwai tasirin tafarki na kusurwoyi, wanda yake ba da damar lanƙwasa kowane turke shi kaɗai, kuma tun daga fitowa ta 1.3 a 2023 aka sa masa maɓalli a cikin kayan gyaran turaku.

A Illustrator, tun daga 2014 akwai kafar Live Corners. Idan aka zaɓi siffa da farar kibiya, 'yar da'ira tana fitowa a cikin kowace kusurwa. Jan ta zuwa ciki yana lanƙwasa kusurwar, kuma bakan yana komawa ja idan aka kai iyakar da aka bayyana a 4.2. Danna ta tare da maɓallin Alt yana sauya nau'in kusurwa tsakanin lanƙwasa da kwarmi da datsa, danna ta sau biyu kuma yana buɗe wurin rubuta adadi.

A CorelDRAW, wadda ta yaɗu a maɗaba'u da shagunan zane na Nijeriya, ana zaɓar kayan gyaran siffa da maɓallin F10, a ja turken kusurwar akwati. Riƙe Ctrl yana taƙaita aikin ga kusurwa ɗaya. Ga sauran siffofi akwai taga ta musamman mai ɗauke da nau'o'in uku, inda ake rubuta radiyos.

Wajibi ne a bambance duk wannan da lanƙwasar mahaɗar layin gefe. Layin da ake zagaye siffa da shi yana da kauri, kuma inda ya karya kwana ana iya barin sa da tsini, ko a datse, ko a lanƙwasa. Wannan ba ya taɓa tafarkin kansa: gefen waje ne kawai yake lanƙwashewa, da radiyos na rabin kaurin layin, na ciki yana nan da kaifinsa. Tsawon tsinin mahaɗa shi ne kaurin layi × 1 ÷ sin(θ/2). A SVG an sa iyakarsa ta asali a kan ninki 4, saboda haka duk kusurwar da ta gaza kimanin digiri 29 ana datse mata kai ba tare da an nemi izinin mai zane ba. A PostScript iyakar 10 ce, wadda ta yi daidai da kimanin digiri 11.5. Wannan ne dalilin da ya sa tsinin zane yakan ɓace idan aka buɗe shi a wata manhaja.

6.0 Kurakuran da Aka Fi Faɗawa

Na farko shi ne miƙar da siffa ta fuska ɗaya bayan an mayar da ita tafarki. Akwati mai 100 da 60 da radiyos 10, idan aka ja tsawonsa zuwa 200, kusurwarsa za ta koma 20 a kwance da 10 a tsaye, wato yankin siffar ƙwai maimakon na da'ira. Maganinsa shi ne a sauya girman tun siffar tana akwati, ko a zaɓi turakun gefe ɗaya a matsar da su tare.

Na biyu shi ne mantawa da zaɓin da yake ƙayyade ko radiyos zai girma tare da siffa. Inkscape da Illustrator da CorelDRAW duk suna da shi. Tambari yana buƙatar radiyos ya bi girmansa domin kamanninsa kada su sauya. Akwatunan jadawali ko na bishiyar li'irabi kuwa sun fi kyau da radiyos guda, komai bambancin girmansu.

Na uku shi ne ba wa akwatin ciki da na waje radiyos ɗaya. Idan tazarar da ke tsakaninsu milimita 4 ce, kuma dukkansu suna da radiyos 10, tazarar a kusurwa za ta kumbura zuwa 4 × √2, wato 5.66. Ƙa'idar ita ce radiyos na ciki ya zama na waje a cire tazara, a nan 10 − 4 = 6, domin bakunan biyu su haɗa cibiya.

Na huɗu shi ne lanƙwasa zanen da aka kwafo daga hoto ta hanyar bibiyar kai-tsaye. Irin wannan zane yakan zo da turaku barkatai masu kusanci da juna, kuma tunda radiyos ba ya wuce abin da gajeren gefe ya ƙyale, sai lanƙwasar ta ƙi fitowa ko ta fito a karkace. Sai an rage turakun tukuna.

Na biyar ya shafi injin sassaƙa allo. Bakinsa zagayayye ne, don haka ba ya iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi. Baki mai faɗin milimita 6 zai bar radiyos 3 a kowane lungu, ko an zana shi ko ba a zana ba. Gara mai zane ya sa shi da kansa tun farko, ya ga yadda aikin zai fito.

7.0 Santsin Lanƙwasa

Inda miƙaƙƙen layi ya haɗu da baka babu karaya, domin fuskarsu ɗaya ce a wurin. Sai dai ƙarfin lanƙwasa yana tsalle daga sifili zuwa 1/r a lokaci guda. Direba ya san wannan a jikinsa: da a ce titi yana shiga kwana haka, da sai ya fizgi sitiyari farat ɗaya. Shi ya sa injiniyoyin titi da na layin dogo suke sa wani yanki a tsakani, wanda lanƙwasarsa take ƙaruwa sannu a hankali.

Masu zane ma sun nemi irin wannan santsi. Gabriel Lamé ya bayyana wani dangin siffofi a 1818, masu ƙa'idar |x/a|ⁿ + |y/b|ⁿ = 1. Idan n ta zama 2, ana samun da'ira ko siffar ƙwai, idan tana ƙaruwa kuma siffar tana matsawa zuwa akwati. Piet Hein, ɗan ƙasar Denmak, ya ɗauki n = 2.5 a 1959 domin tsara shataletalen Sergels torg a birnin Stockholm. Haka kuma kamfanin Apple ya sauya siffar alamomin manhajojin wayarsa a 2013 zuwa mai lanƙwasa da take shiga a hankali, manhajar Figma ma ta tanadi ma'aunin santsin kusurwa. Farashin wannan santsi shi ne lanƙwasar tana farawa da wuri, saboda haka tana cin gefe fiye da t da aka lissafa a 4.1.

8.0 Darasin a Zane-zanen Hausa

Dagin Arewa, a siffarsa da aka fi gani, dogayen zobba biyu ne da suka gitta juna, da wata siffa mai kusurwa huɗu da ta saƙu a tsakaninsu. Zaren dagin yana da kauri, saboda haka ƙa'idar akwatin ciki da na waje tana aiki a kowace kwana: idan gefen waje yana da radiyos 20, kaurin zaren kuma 6, to gefen ciki 14 ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a zana layin tsakiya guda, a lanƙwasa shi, a ba shi kauri, sannan a mayar da kaurin tafarki. Ta haka zaren ba zai kumbura a kwana ba.

Aska takwas ta babbar riga da zankon da ke kan soro kuwa, tsininsu shi ne kamanninsu. A ƙaddara kan aska ɗaya yana da buɗin digiri 15. Ƙa'idar 4.1 ta ba da d = 6.66r, wato radiyos na milimita 1 kacal zai rage kusan milimita 7 daga tsawon askar. Mai zanen da ya zaɓi dukkan siffar ya ba ta radiyos guda domin ta yi laushi, ya gajarta asaken, ya kuma sauya daidaiton da maɗinki ya ƙulla tsakaninsu da sauran aikin. Bugu da ƙari, digiri 15 ya gaza 29, don haka ko ba a lanƙwasa ba, SVG za ta datse kan layin gefen sai an ɗaga iyakar zuwa 8.

A ɗaya ɓangaren, akwai wurin da kaifi ne yake zama ƙari a kan asali. Adon bango da magini ya shafa da hannu a kan ɗanyen yumɓu, da rubutun ajami da aka yi da alƙalamin kara da tawada, ba su da kusurwa mai kaifin reza. Duk wanda zai mayar da su bekta, ko zai ƙera haruffa irin Alkalami, wanda SIL ta fitar a 2017 bisa salon rubutun Kano, dole ya lura da wannan laushi. Haka nan lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ: idan nau'in haruffa ba shi da su, aka ɗora musu ƙugiya da hannu a bangon littafi, kamata ya yi a aro radiyos da kauri daga kan harafin f na wannan nau'in, domin ƙugiyar ta zama 'yar gida.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa lanƙwasa kusurwa musanya ce ta turke ɗaya da turaku biyu da baka a tsakaninsu, kuma buɗin kusurwa ne yake yanke yawan abin da za a rasa. An ga cewa radiyos yana da iyakar da tsawon gefe ya gindaya masa, bakan Bézier kusantar da'ira yake yi da linzami na 0.5523r, kuma lanƙwasar layin gefe daban take da ta tafarki. Shawarar da ta fito daga nan ga manazarci ita ce ya auna asalin abin da zai zana kafin ya taɓa kusurwarsa, ya ajiye kwafin da ba a lanƙwasa ba, ya kuma ɗora zanen da aka gama a kan hoton asali ya duba kowane tsini kafin a kai maɗaba'a. Kalmomin turke da linzami da tafarki da kwarmi da aka gabatar a nan shawara ce ga masana harshe, su auna su, su karɓa ko su kawo waɗanda suka fi su.